Vimscript, Vim9 ko Lua? Sharhi kan ginannun ayyukan Vim da inda suke tuntuɓe da ƙ, ɗ da ɓ

Wanda ya nemi hanyar gyara saitunan Vim, manhajar gyaran rubutu, a intanet a yau, amsa uku zai samu ga tambaya ɗaya. Wani zai ce a rubuta `let`, wani ya ce `var`, na uku ya ce `local`. Idan ya kwafi ɗaya ya liƙa a fayil ɗinsa, sai manhajar ta tare shi da jan rubutu mai lambar kuskure, E117 ko E121. Ruɗanin ya samo asali ne daga abubuwa biyu da suka faru kusa da juna: a Yulin 2021 Neovim 0.5, wani reshe da aka tsaga daga Vim, ya ba da damar rubuta dukkan saituna da harshen Lua, sannan a Yunin 2022 Vim 9.0 ya fito da nasa sabon harshen, Vim9. Tsohon harshen kuma, wato Vimscript, yana nan daram. Sai dai a ƙarƙashin ukun akwai rumbu guda da kowa ke ɗiba daga ciki, wato ginannun ayyuka.

## Me ake nufi da ginannen aiki

Vim manhajar gyaran rubutu ce da aka fi sarrafawa da madannai, galibi a cikin tamina, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni. Duk lokacin da ya tashi yana karanta fayil ɗin saituna: `~/.vimrc` a Linux da macOS, `_vimrc` a Windows. Na Neovim yana `~/.config/nvim/`, da sunan `init.vim` ko `init.lua`. Ba a ajiye biyun tare, in an yi haka zai yi ƙorafin cewa sun ci karo.

Abubuwa iri uku ake rubutawa a wannan fayil, kuma rarrabe su ne matakin farko. Akwai saiti, kamar `set number`, wanda kunnawa ne ko kashewa ko sa ƙima. Akwai umarni, kamar `:write` da `:substitute`, wanda yake aikata abu ya wuce. Sai aiki, wanda masu sana'ar ke kira fankishan: a miƙa masa abu cikin baka biyu, ya dawo da sakamako. `line('$')` yana dawo da lambar layin ƙarshe, `getline(3)` yana dawo da abin da ke layi na 3, `expand('%:t')` kuma sunan fayil ɗin da ke buɗe ba tare da hanyarsa ba. Ginannu su ne waɗanda suka zo a jikin manhajar, an rubuta su da harshen C, kuma sun kai ɗaruruwa. `:help function-list` ya kasa su gida-gida bisa abin da suke yi.

Ana gane su da ido. Sunan ginanne da ƙaramin harafi yake farawa, wanda mutum ya ƙirƙira kuwa dole ya fara da babba, in ba haka ba E128 ne zai fito. A tsohon harshen ba a rubuta sunan aiki tsirara a farkon layi. Ko dai a ce `call setline(1, 'Sannu')`, ko a karɓi sakamakon da `let`, ko a nuna shi da `echo`. Hanyar gwaji mafi sauƙi ke nan, a buga `:echo` da sunan aikin a ga abin da zai dawo.

## Yadda aka kai ga harsuna uku

Bill Joy ne ya rubuta vi, tsohuwar manhajar gyaran rubutu da Vim ya kwaikwaya, a 1976. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya saki Vim ga jama'a a 1991, a kan kwamfutar Amiga. Harshen rubuta umarni na sosai, mai `if` da `while` da ayyuka, ya shigo ne a zamanin Vim 5, daga 1998. Vim 7.0 na 2006 ya ƙaro jeri da ƙamus, wato tarin ƙimomi masu lakabi. Harshen ya girma ne a kan umarnan vi na da, ana ta ƙara masa faci, kuma ana karanta kowane layi a fassara shi duk sanda aka zo kansa, ko da sau dubu ne a cikin zagaye. Nauyinsa daga nan yake.

A 2014 Thiago de Arruda ya tsaga reshe daga Vim ya kira shi Neovim. Ɗaya daga manyan ƙorafe-ƙorafen lokacin shi ne, idan fulogin, wato ƙarin da ake ɗora wa editan, ya kira wata manhaja daga waje, editan kan sandare har sai ta gama. Vim 8.0 ya magance wannan a Satumban 2016 da `job_start()` da `timer_start()`, amma kafin nan Neovim ya riga ya yi nasa, `jobstart()`, ba ɗan layin ƙasa a tsakiya, kuma abin da ake miƙa musu ba iri ɗaya ba ne. Haka aka ci gaba. Vim 8.2 na Disamban 2019 ya kawo `popup_create()` don ƙananan tagogi masu shawagi, Neovim kuwa `nvim_open_win()` yake amfani da shi. Don haka E117, wato ba a san wannan aikin ba, sau da yawa ba kuskuren rubutu ba ne. An kira aikin wani gida ne a wani gidan.

Moolenaar ya rasu ranar 3 ga Agusta 2023. Vim 9.1 ya fito a Janairun 2024, an sadaukar da shi gare shi, kuma Christian Brabandt da wasu masu ba da gudummawa suka ci gaba da riƙe aikin.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu Vim9 suna cewa matsalar tsohon harshen nauyi ne da baƙin hali, kuma ana iya gyara duka biyun ba tare da an ƙaura ba. Aikin da aka buɗe da `def` ana juya shi zuwa umarnan ciki sau ɗaya, kuma littafin taimakon Vim ya ce ana iya tsammanin sauri ninki 10 zuwa 100. Kowane mazubi, wato sunan da ake ajiye ƙima a cikinsa, yana da nau'insa tsayayye, don haka kuskure kan bayyana kafin aikin ya fara taɓa rubutu. Ginannun ayyuka kuma ana kiransu kai tsaye, ko `call` ba a bukata. Rauninsa shi ne, ba inda ake jin wannan harshe sai cikin Vim, kuma Neovim ba ya karanta shi sam.

Masu Lua suna cewa ba dalilin ƙirƙirar sabon harshe alhali ga wanda aka daɗe ana gwadawa. An ƙirƙiri Lua a wata jami'a da ke Rio de Janeiro a Brazil a 1993, yana da sauri ta hanyar LuaJIT, injin da ke gudanar da shi, kuma wanda ya koye shi zai amfana da shi a wasu manhajojin. Rauninsa shi ne ba don editan aka gina shi ba, saboda haka ta kan gada yake isa ga ginannun ayyuka, wato `vim.fn`, kuma a kan gadar ake yawan zamewa.

Na uku su ne masu zama a tsohon harshen, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi fiye da yadda ake ɗauka. Shi kaɗai ne editocin biyu ke karantawa. Mai kula da saba goma, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa, wasu da Vim 8 wasu da Vim 9, fayil ɗaya zai kwafa ya yi aiki ko'ina. Batun sauri kuwa, ga fayil ɗin saituna mai layi 100, ba wanda zai ji bambanci. Saurin ya fi damun mai rubuta fulogin da ke bin layi dubbai.

Ga aiki ɗaya da aka rubuta sau uku, mai share giɓin da ke ƙarshen layuka. Da tsohon harshen:

```
function! ShareGibi() abort
  let l:wuri = winsaveview()
  keeppatterns %s/\s\+$//e
  call winrestview(l:wuri)
endfunction
```

Da Vim9:

```
vim9script
def ShareGibi()
  var wuri = winsaveview()
  keeppatterns :%s/\s\+$//e
  winrestview(wuri)
enddef
```

Da Lua:

```
local function share_gibi()
  local wuri = vim.fn.winsaveview()
  vim.cmd([[keeppatterns %s/\s\+$//e]])
  vim.fn.winrestview(wuri)
end
```

Riga ce ta sauya, amma `winsaveview()` da `winrestview()` suna nan a duka ukun. Na farko yana adana inda manuni yake da yadda taga take, na biyu ya mayar, don kada shara ta jefa mutum ƙarshen fayil. `keeppatterns` yana hana wannan neman ya danne na ƙarshe da aka yi da hannu, `e` ɗin ƙarshe kuma yana hana ƙorafi idan ba a samu giɓi ba. Kalmar `abort` tana sa aiki ya tsaya a kuskuren farko. Idan babu ita, tsohon harshen zai ci gaba da layi na gaba tamkar ba abin da ya faru. Kada a ɗora wannan aiki kan fayilolin Markdown, domin a can giɓi biyu a ƙarshen layi alama ce ta karya layi.

## Bayit da harafi: inda rubutun Hausa ke shan wahala

Yawancin misalan da ke yawo an gwada su ne da haruffan Turanci, waɗanda kowannensu bayit ɗaya ne, wato gurbin ajiya ɗaya, a tsarin adana haruffa na UTF-8. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa bayit biyu-biyu ne: ƙ, ɗ, ɓ da manyansu, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y. Tsofaffin ayyukan Vim da yawa bayit suke ƙirgawa.

`strlen('ƙarƙashi')` zai ce 10, alhali haruffa 8 ne. `len()` ma haka. Mai ƙirga haruffa shi ne `strchars()`, mai auna faɗin da rubutu ya ci a allo kuma `strdisplaywidth()`. Idan rubutun yana da alamomin karin sauti da aka ɗora a kan wasula a matsayin alama dabam, `strchars()` zai ƙirga kowace alama a matsayin harafi, sai an ce `strchars(kalma, 1)` sannan ya tsallake su.

Yanka ya fi ƙirga haɗari. A tsohon harshen, `'ƙasa'[0]` ba ƙ yake dawowa da shi ba, rabinsa ne, kuma a allo zai bayyana a matsayin `<c6>`. `strpart()` ma da bayit yake yanka in ba a ce masa akasin haka ba. Idan aka rubuta wannan rabin harafin cikin fayil, an gurɓata shi. Abin da ya dace shi ne `strcharpart('ƙasa', 0, 1)`. Akwai wata dabara da ta yaɗu ta ɗauko harafin da manuni ke kai, `getline('.')[col('.') - 1]`, wadda ke aiki lafiya har sai manuni ya hau ɗ. Dalili shi ne `col()` bayit yake ƙirgawa. Takwaransa mai ƙirga haruffa, `charcol()`, ya shigo ne da facin 8.2.2324, don haka a tsohon Vim sai a bi ta `matchstr(getline('.'), '\%' . col('.') . 'c.')`.

A nan Vim9 ya yi gyara na gaske: a cikinsa `'ƙasa'[0]` yana dawo da ƙ cikakke. Amma sunayen ayyuka ba su sauya hali ba, `strlen()` yana nan kan bayit. Lua kuma ya fi kowa rashin sanin haruffan nan. `#"ƙasa"` 5 ne, `string.upper("ƙasa")` zai bar ƙ yadda yake ya ɗaga sauran, yayin da `vim.fn.toupper("ƙasa")` ke ba da ƘASA daidai. Mai sarrafa rubutun Hausa a Neovim gara ya tsallaka gadar ya ari aikin Vim.

Tebur da ya karkace ma daga nan ne. `printf('%-12s', kalma)` yana cike gurbi bisa bayit, sai layin da ke da ɓ ya gaza da gurbi ɗaya. Babban `%S` shi ke auna faɗin allo.

A wajen nema, `\w` da `\a` haruffan Turanci kawai suka sani, don haka `matchstr('ɗaki', '\w\+')` zai dawo da aki. A yi amfani da `\k`, wanda ya ɗauki ɗ a matsayin harafin kalma. Sai alamar hamza ta boko da ke cikin sana'a, ma'ana da 'ya'ya. Tana jawo matsala biyu. Ta farko, ita ce alamar da ake kewaye rubutu da ita, don haka dole a ninka ta: `'sana''a'`. Ta biyu, Vim ba ya ɗaukarta harafi, shi ya sa `expand('<cword>')`, mai ɗauko kalmar da manuni ke kai, a kan sana'a ke dawo da sana kawai. `setlocal iskeyword+=39` yana gyara wannan, 39 ita ce lambar alamar. A taƙaita shi ga fayilolin rubutu zalla, domin a fayil ɗin furogiram zai rikita launukan kalmomi.

Jerantawa ita ce ta ƙarshe. `sort(['ƙasa', 'zuma', 'kifi'])` zai ajiye ƙasa a bayan zuma, saboda lambar ƙ, 409, ta fi ta z nesa ba kusa ba. Dabarar ita ce a ƙera wa kowace kalma mabuɗi da `substitute()`, a mai da ƙ zuwa `k{`, ɗ zuwa `d{`, ɓ zuwa `b{`, sannan a ba `sort()` aikin kwatantawa da zai duba mabuɗan maimakon kalmomin. Alamar `{` ita ke bin z a lamba, don haka duk kalmomin ƙ za su faɗo bayan na k kuma kafin l. Lambobi ma suna da tarkonsu: `sort([10, 9, 2])` yana ba da 10, 2, 9, sai an ƙara `'n'`.

Ga wanda madannansa ba su da haruffan, `call digraph_set('kq', 'ƙ')` yana sa Ctrl-K sannan k da q su fitar da ƙ. A Vim da ya girmi wannan aikin, `digraphs kq 409` yana yin abu ɗaya. Lambar ɓ 595 ce, ɗ 599, ƴ 436, kuma `char2nr()` zai faɗi ta kowane harafi. Duk fayil ɗin saitunan da ke ɗauke da waɗannan haruffa a sa masa `set encoding=utf-8` a sama, sannan `scriptencoding utf-8` a ƙasansa, ba akasin haka ba.

## Tarkunan da ke tsakanin harsunan

Kwatanta rubutu da `==` a tsohon harshen ya dogara da saitin `ignorecase` na mai amfani. Rubutun da ke aiki a kwamfutar wanda ya rubuta shi zai iya sauya hali a ta maƙwabcinsa. `==#` yana bambanta babba da ƙarami kullum, `==?` kuma ba ya bambantawa kullum. A Vim9 `==` ba ya kula da saitin.

Tsohon harshen yana mai da rubutu lamba ba tare da ya tambaya ba. `'5 buhu' + 3` 8 ne, kuma `if 'eh'` ƙarya ce, tunda rubutun da bai fara da lamba ba sifili ne. Vim9 yana ƙin duka biyun. Haɗa rubutu a da da ɗigo ɗaya ne, a Vim9 dole biyu. Bayanin gefe a da `"` ne, yanzu `#`.

A Lua, tarkon da ya fi kama mutane shi ne sifili. `has()`, `executable()` da `filereadable()` suna dawo da 1 ko 0, amma a wurin Lua 0 ma gaskiya ce, `false` da `nil` kaɗai ne ƙarya. Saboda haka `if vim.fn.has("win32") then` yana wucewa a kowace kwamfuta. Dole a ƙara `== 1`. Ƙirga ma ta rabu: jerin Vim daga 0 yake farawa, na Lua daga 1, `getline()` yana ƙirga layuka daga 1, `nvim_buf_get_lines()` daga 0 kuma ba ya haɗawa da iyakar ƙarshe.

`map()`, `filter()` da `sort()` jerin da aka ba su suke sauyawa, ba sabo suke yi ba. Mai son asalin ya tsira sai ya fara da `copy()`, ko `deepcopy()` idan jeri ne cikin jeri. Sunan fayil kuma ba a miƙa shi ga `system()` haka nan, sai an wanke shi da `shellescape()`, ga umarnan Vim kuma da `fnameescape()`. Giɓi ɗaya a suna ya isa ya karya umarni, sunan da aka ƙera da mugun nufi kuwa zai iya sa a aiwatar da abin da ba a nema ba.

## Abin da wannan ke nufi ga mai amfani

Wanda yake da tsohon `.vimrc` ba abin da ya tilasta masa sake rubutawa. Vim 9 yana karanta shi, Neovim ma haka in dai bai kira ayyukan da Vim kaɗai ke da su ba. Ana iya gauraya: `def` yana zama a cikin tsohon fayil a Vim 9, a Neovim kuma `vim.cmd()` yana gudanar da tsohon harshen daga cikin Lua. Inda zaɓi ya zama tilas shi ne fulogin. Wanda aka rubuta da Vim9 ba zai tashi a Neovim ba, wanda ya dogara da `vim.api` kuma ba zai tashi a Vim ba.

Kafin a kira aikin da ake shakka, a tambaya. `exists('*charcol')` yana faɗa ko aikin yana nan, tauraron shi ke nuna aiki ake nufi ba mazubi ba. `has('nvim')` yana raba editocin biyu, `has('patch-8.2.2324')` kuma yana duba faci. Duba aikin kansa ya fi duba lambar siga aminci, domin lambobin Vim da na Neovim ba su tafiya tare.

Akwai kuma yanayin da ba ko ɗaya daga ayyukan da zai yi aiki. A Debian da Ubuntu, `vi` da ke zuwa da tsarin yawanci `vim-tiny` ne, wanda aka gina ba tare da harshen ba gaba ɗaya. `vim --version` zai nuna `-eval` maimakon `+eval`, kuma `let` ko `call` za su jawo E319. Maganin shi ne a girka cikakken kunshin `vim`. Idan fayil ɗin zai yi yawo tsakanin sabobi, a kewaye sashen ayyuka da `if 1` da `endif`, domin ƙaramin Vim yana tsallake duk abin da ke tsakaninsu. Mai koyo a wayar Android ta Termux yana samun cikakke da `pkg install vim`.

Idan aka ɗaura aiki ga wani lamari, misali a share giɓi kafin ajiyewa ta `BufWritePre`, a sa shi cikin `augroup` da aka buɗe da `autocmd!`. In ba haka ba, duk sanda aka sake loda saituna sai ɗaurin ya ƙaru, aiki ɗaya ya riƙa gudana sau biyar. A Lua daidai da wannan shi ne `nvim_create_augroup()` tare da `clear = true`, kuma a lura cewa aikin da aka ɗaura idan ya dawo da `true`, Neovim zai goge ɗaurin bayan gudu na farko.

In abu ya lalace, `vim --clean` yana tashi ba tare da saitunan mutum ba. Idan matsalar ta ɓace, to daga fayil ɗinsa take ko daga fulogin. `:messages` yana dawo da jan rubutun da ya wuce da sauri, `:scriptnames` yana jera fayilolin da aka loda bi da bi, `:verbose set iskeyword?` kuma yana faɗin fayil da layin da suka taɓa saitin a ƙarshe. Don jinkirin tashi, `vim --startuptime lokaci.txt` yana rubuta milisakan ɗin da kowane fayil ya ci.